Ku Daina Tambayar Tsohon Soja Shaidar da ke Hannunku

Zalunci ne a tsayar da tsohon soja a gaban teburi a ce ya kawo shaidar cewa farfaɗiyar da ke kayar da shi a filin daga ya samo ta. Shaidar nan ba a aljihunsa take ba. Tana cikin fayil ɗinsa, in har an rubuta ta, fayil ɗin kuwa yana hannun masu tambayar. Su suka auna shi ranar da ya shiga soja suka ce lafiyarsa ƙalau. Su suka tura shi Gwoza da Madagali. Likitansu ne ya duba shi, ko ya kasa duba shi, ranar da nakiya ta tashi da motarsu. Yau kuma shi ake ce wa ya je ya nemo takarda. Da masu riƙe da wannan tsari nake magana, tun daga Ma'aikatar Tsaro da manyan hafsoshi, har Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja, da 'yan majalisar da muka aika daga Adamawa. Mu ma mutanen gari muna da namu kason laifin, kuma ba zan tsallake shi ba.

Mu a Yola ba labarin yaƙin nan aka ba mu ba. A watan Mayun 2013 aka sa wa Adamawa da Borno da Yobe dokar ta-ɓaci. A watan Satumban 2014 Gulak da Michika da Bazza suka faɗa hannun Boko Haram, ranar 29 ga Oktoba kuma Mubi ta bi su. Kafin tsakiyar Nuwamba sun shiga Hong da Gombi, ba wanda ke iya rantsuwa cewa Yola za ta tsira. Gidajen unguwar Makama sun cika da 'yan uwa da baƙi, zaure ɗaya ya kwana da iyali biyu, waɗanda ba su da kowa suka nufi sansanin Malkohi da na Damare. Abin da ya tsaya tsakanin 'yan Boko Haram da gadar Jimeta shi ne kuratan soja, na Birged ta 23 da ke Barikin Gibson Jalo da waɗanda aka kawo daga wasu rundunoni, tare da maharba da 'yan banga. A 2015 ma bam ya tashi a kasuwar Jimeta da masallacin Jambutu, muka ji da kunnenmu irin ƙarar da su suke kwana suna tashi da ita a hanyar Pulka da dajin Sambisa. Wanda ya ji wannan ƙara sau ɗaya bai kamata a tsaya yi masa dogon bayani kan abin da take yi wa kan ɗan Adam ba.

Amma tunda masu sa hannu a takardu suna yin kamar ba su sani ba, bari a faɗa. Idan bam ya tashi, iskarsa kaɗai tana iya jijjiga ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai ko da fata ba ta tsage ba. Idan kuma ɓarɓashin ƙarfe ya shiga, ko kai ya bugu da jikin mota, wurin kan warke ya bar tabo a ƙwaƙwalwa. Wannan tabo shi ke zama tushen farfaɗiya, domin daga nan saƙonnin jijiyoyi ke rikicewa su tashi gaba ɗaya, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Abin da ya fi cutar da soja a nan shi ne ciwon ba ya zuwa da wuri. Wani sai bayan wata shida, wani bayan shekara biyu, wani sai ya yi ritaya ya aurar da 'ya'ya. Likitocin Amurka sun bi sawun sojojinsu da harsashi ko ƙarfe ya huda wa kai a yaƙin Biyetnam, suka tarar bayan shekara 15 kashi 53 cikin 100 sun kamu da farfaɗiya. Da suka ci gaba da bibiya, sai ga waɗanda faɗuwarsu ta farko ta zo bayan an haura shekara 14 da samun raunin. Wannan sakamako tun 1985 aka fara buga shi. Duk likitan da ya karanci ciwon ƙwaƙwalwa ya san da shi, likitocin sojanmu ma sun sani.

To a dubi yadda abin ke kasancewa ga kofur ko saje na ƙasar nan. Nakiya ta tashi da motar da ke gabansu, biyu sun rasu, uku sun karye, shi kuma ya suma na ɗan lokaci ya farfaɗo, kunnensa na ƙara, kansa na sara. Jini bai fito ba. An kwashi masu karaya zuwa asibitin soja a Maiduguri, masu tsanani a wuce da su Asibitin 44 da ke Kaduna. Shi kuwa an ba shi maganin ciwon kai, ya koma ramin tsaro a daren, domin ba a da mutane kuma abokan gaba ba su tafi ba. Wa zai tsaya rubuta cewa kofur wane ya suma na minti goma? Shi kansa ba zai so a rubuta ba, kada a ce masa rago. Bayan shekara uku ya faɗi a bakin famfo a bariki. Matarsa ta ja shi ɗaki ta rufe ƙofa, domin ta san abin da ke biyo baya idan magana ta fita: za a karɓe bindiga, a kai shi gaban kwamitin likitoci, a sallame shi. A nan ne tambaya ɗaya ke yanke rayuwarsa: ciwon nan aiki ne ya jawo shi, ko nasa ne na gado? Doka ta tanadi fanshon nakasa ga wanda ya samu rauni a bakin aiki. Idan aka rubuta cewa ba aiki ne ya jawo ba, ya fita daga wannan layi, ya dawo gida da ɗan abin da shekarun aikinsa suka ba shi, da ciwon da zai bi shi har kabari.

Wannan shi ne cin moriyar ganga a yar da kwaurenta, kuma da alƙalami ake yin sa, a ofis mai sanyi.

Ku da ke yanke wannan hukunci, da wane ma'auni kuke yanke shi? Shin an taɓa zaunar da kurtu a yi masa bayani, da harshen da yake ji, cewa faɗuwa sau kaza a shekara kashi kaza ne na nakasa? Shin ana ba shi kwafin rahoton kwamitin da ya zauna a kansa, da dalilan da aka dogara da su? Mutum ba zai ɗaukaka ƙara a kan hukuncin da bai ga rubutunsa ba. Wani abin takaicin kuma shi ne dogaro da na'urar auna sigina ta ƙwaƙwalwa a ce ba ta nuna komai ba, saboda haka lafiya lau yake. Likitoci sun san awo ɗaya na wannan na'ura kan fito tas ga kusan rabin masu farfaɗiya na gaskiya, domin ciwon ba kullum yake motsi ba. Hoton kai ma ba kowane tabo yake kamawa ba. Babban abin da ake gane farfaɗiya da shi, har a manyan asibitocin duniya, shi ne bayanin wanda ya ga faɗuwar da idonsa. Matar da ke tallafe kansa da dare ita ce babbar shaida, ita da abokin aikin da ya jawo shi daga cikin motar. Ku gaya mana a wane zama aka taɓa kiran su.

Sai maganar ɗaukaka ƙara, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai. Ina zai kai ta? Dokar Rundunonin Soja ta buɗe hanyar kuka a sashe na 178 da na 179, amma hanya ce da ke hawa daga kwamanda zuwa na sama da shi, an shata ta ne domin mai kaki a jikinsa. Wanda aka riga aka sallama, ya miƙa katinsa a bakin ƙofa, wane kwamanda zai saurare shi? Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa tun 1975 domin talakan da hukuma ta danne, dokarta ta ɗaure mata hannu a kan abin da aka yi wa soja a ƙarƙashin dokar soja. Saura Kotun Ma'aikata, tana da reshe a nan Yola, ta kuma taɓa yanke wa hafsoshin da aka yi wa ritayar dole hukunci mai daɗi. To amma waɗannan hafsoshi ne masu iya ɗaukar lauya. Kofur da ke lissafin kuɗin magani da kuɗin masara ba zai iya ba, in ma ya iya, abin da lauyan gwamnati kan fara jefa masa shi ne lokaci ya wuce, saboda dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal. Wata uku, ga ciwon da kan yi shekara goma bai nuna kansa ba.

Abin da ya rage masa sai hanyar Abuja. Ya hau mota a tashar Jambutu, ya bi ta Numan, ya wuni ya kai dare a hanya, mutumin da likita ya hana yin doguwar tafiya shi kaɗai, wanda rashin barci da yunwa ke tayar wa ciwo. Dole ya biya kuɗin motar mutum biyu. Ya isa a ce fayil bai sauko ba, ko mai sa hannu ya tafi kwas, ya dawo bayan wata guda. Ba sai an ce masa a'a ba. Tafiya ta uku ko ta huɗu za ta kashe maganar da kanta, kuma masu tsarin sun san haka.

Kada wani ya ce ai haka abin yake a ko'ina. A dubi Indiya, wadda sojojinta sun fi namu yawa. Wani kurtu mai suna Dharamvir Singh ya shiga soja a 1985, aka sallame shi a 1994 saboda farfaɗiya, kwamitin likitoci ya rubuta cewa ba aikin soja ne ya jawo masa ba, aka hana shi fanshon nakasa. Ya kai ƙara, ya ci, gwamnati ta ɗaukaka ta kayar da shi, bai haƙura ba. A watan Yulin 2013 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba shi gaskiya, ta kuma kafa ƙa'idar da dubban sojoji suka rataya a kanta daga baya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk wanda aka ɗauka soja ba a rubuta masa wani ciwo ranar shiga ba, lafiyayye ne a idon doka. In aka sallame shi saboda ciwo, za a ɗauka aiki ne ya jawo ko ya tsananta shi, hukuma ce za ta kawo hujjar akasin haka, kuma dole likitoci su rubuta dalilinsu. Inda aka yi kokwanto, soja ne ke cin moriyarsa. Shekara 19 bawan Allah nan ya yi yana bin haƙƙinsa, wannan abin kunya ne ga ƙasarsa. Amma ya samu inda zai je, kuma tun kafin shari'arsa ta ƙare Indiya ta yi dokar kafa kotu ta musamman domin sojoji a 2007.

Amurka kuwa tun 1933 take da hukumar sauraren ɗaukaka ƙarar 'yan mazan jiya, a 1988 ta ɗora kotu a samanta. Ma'auninsu a rubuce yake, kowa na iya karantawa: babbar faɗuwa sau ɗaya a cikin shekara biyu kashi 20 ne, sau biyu a shekara kashi 40, sau ɗaya a kowane wata kashi 100. Ko da magani ya danne ciwon, muddin mutum na kan shan sa kullum, ba ya kasa kashi 10. Sun yarda da shaidar iyali a kan yawan faɗuwa. Daga Janairun 2014 kuma suka yanke cewa wanda aka tabbatar ya samu matsakaici ko babban rauni a ƙwaƙwalwa a bakin aiki, farfaɗiya ta biyo baya, ba a sake tambayarsa alaƙar da ke tsakani. Su ma sojojinsu suna kuka da jinkiri da jerin gwano, ban ce aljanna ce ba. Ban kuma kawo su domin a biya namu da dala ba. Rubuta ma'auni ba ya cin kuɗi. Ɗora nauyin hujja a kan mai riƙe da fayil ba ya cin kuɗi. Niyya yake ci, ita ce kuma babu.

Na san amsar da za a bayar. Za a ce in aka buɗe wannan ƙofa, kowa zai zo ya ce yana faɗuwa. Gaskiya ne an sha samun 'yan fanshon bogi, shi ya sa ake ta tantancewa. To wa ya shigar da sunayen bogin? Kofur na Makama bai da alƙalamin da zai ƙara suna a takardar biya. Ku kama ɓarayin cikin ofis ku hukunta su, ku daina huce haushinsu a kan marasa lafiya. Sannan duk wanda ya san yadda ake kallon mai farfaɗiya a ƙasar nan ya san ba ciwon da namiji zai laƙaba wa kansa ba ne domin 'yan kuɗi. Ciwo ne da ke hana a ba mutum aure, ya hana a auri 'yarsa. Masu shi ɓoyewa suke yi. Wanda ya iso gabanku ya furta da bakinsa, wuya ce ta kai shi maƙura.

Za a kuma ce babu kuɗi. Sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulki ya kare haƙƙin fansho, ya ce a riƙa duba shi duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Duk da haka a Disambar 2024 da Janairun 2025 sai da tsofaffin sojoji suka shimfiɗa tabarma a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja, suka tare hanya, kafin a waiwayi bashin da suke bi. Waɗannan masu ƙarfin zama a rana ke nan. Mai farfaɗiya ba zai iya wannan zama ba, saboda haka ba wanda zai gan shi a talabijin. Duk ranar 15 ga Janairu ana samun kuɗin fareti da furanni da sakin tattabaru. A 2023 an kai sojojinmu masu rauni wasannin Invictus a Jamus, a Mayun 2024 Yarima Harry ya zo har Asibitin 44 ya gaisa da su. Na yi murna da wannan, waɗanda suka rasa ƙafa da hannu sun cancanci fiye da haka. Amma raunin da ake gani shi ke samun mai ɗaukar hoto. Wanda nasa ke cikin ƙoƙon kai yana tsaye da ƙafa biyu da hannu biyu, sai a dube shi a ce me ya same ka.

Ga abin da ya same shi. Tsohon soja in ya dawo Yola sana'a biyu ya fi samu: gadi ko tuƙi. Mai farfaɗiya ba ya tuƙa Keke, in ya tuƙa ya sa ransa da na fasinja a haɗari. Gadin dare kuwa rashin barci ne, rashin barci kuma na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Ba ya shiga kwalekwale a Binuwai, ba ya hawa gini, ba ya tsayawa kusa da wuta ko bakin rijiya shi kaɗai. Ranar da ya faɗi a wurin aiki, ranar aikin ya ƙare. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40 kuma ba wutar lantarki, gidan ba mai barci, matar tana zaune tana sauraren numfashinsa. Ita ma ta bar sana'arta. Nakasar mutum ɗaya ta zama ta gida guda, a takarda kuwa an rubuta babu.

Abin da ke ƙara ƙona rai shi ne ciwon yana jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon daidai an ba su magani. Magungunan tsofaffi ne, irin su fenobabiton da kabamazafin da falfurowet. Sharaɗinsu ɗaya: kada a tsallake. Wanda ya yanke sha kwatsam saboda kuɗi sun ƙare yana iya shiga jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magani ya yi tsalle, mai ƙaramin fansho ya koma raba ƙwaya biyu ko sha yau a bar gobe. Akwai kamfanin inshorar lafiyar sojoji, DHML, kuma 'yan fansho na cikin waɗanda aka ce yana kula da su. To ma'aunin wannan inshora ga mai farfaɗiya ɗaya ne: ranar ɗaya ga wata, ƙwayar wata guda tana hannunsa a Yola ko ba ta nan. Gwamnatin da ta iya kai harsashi Malam Fatori ba ta da uzurin kasa kai ƙwaya Jimeta.

Yanzu na juyo gida. Mu ma mun taya masu tsarin. Mutum ya faɗi a kasuwa ko a sahun salla, sai a watse a yi da'ira ana kallo, ana ja da yara baya wai kada yawunsa ya taɓa su. Yawun mai farfaɗiya ba ya harbin kowa, ba a ɗaukar ciwon ta taɓawa ko ta cin abinci tare. Masu ƙarfin halin matsowa kuma sai su cusa masa cokali a baki, su danne shi, su ɗura masa ruwa ko manja, su karya masa haƙori ko su shaƙe shi. Abin da ake bukata kaɗan ne: a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe, a rufa masa asiri da mayafi, a duba agogo. In ta wuce minti biyar a nufi asibiti.

Sai kuma saurin cewa aljanu ne, ko jifa, ko alhakin wanda ya kashe a daji ne ke bin sa. Wannan ta ƙarshen ita ce mafi muni, domin tana mayar da wanda ya tsare mana gari mai laifi. Malamanmu sun san hadisin matar nan mai farfaɗiya da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas. Ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai kukan ciwonta da yadda jikinta ke buɗewa in ta faɗi. Bai guje ta ba, ya yi mata bushara da Aljanna a kan haƙurinta, ya kuma roƙa mata sutura. Ibnul Ƙayyim ma da ya yi magana a kan wannan ciwo ya ware nau'in da tushensa a jiki yake, wanda aikin likitoci ne. Addu'a ba ta hana asibiti, a masallaci ko a coci. Amma iyalin da suka yi shekara uku suna yawo tsakanin mai ruƙiyya da mai saiwa ba su taka asibiti ba sun yi wa mutuminsu asara biyu: ciwon ya daɗa kafuwa, sannan babu ko layi ɗaya a katin likita da zai nuna ranar da abin ya fara. Da wannan giɓin ake kayar da shi a gaban teburi.

Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Najeriya, wadda doka ta kafa domin jin daɗin tsofaffin sojoji, ita ma ta ji. Sayar da bajen tunawa da tsayawa a fareti bai isa ba. Reshen Adamawa ya san 'ya'yansa gida-gida, daga Ganye har Madagali. Me ya hana a tattara sunayen waɗanda suka samu bugu a kai, a san masu faɗuwa a cikinsu, a nemo lauya ɗaya da likita ɗaya su bi takardun a dunƙule? Fayil ɗaya ana iya mantawa da shi a ƙarƙashin teburi, ɗari ba a iyawa. Ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a cikin gari, ba abin da zai hana kwamitin likitoci ya riƙa zama a nan lokaci-lokaci, maimakon a ja mara lafiya zuwa Abuja ko Kaduna. A nan dole in ambaci maharba da 'yan banga da suka shiga Mubi tare da soja a 2014. Su ko fayil ɗin da za a ɓatar ba su da shi. Wannan nauyin gwamnatin jiha ne, kada ta jira Abuja.

Sanatoci uku da 'yan Majalisar Wakilai takwas Adamawa ke da su, wasunsu garuruwansu ne aka ƙwato da jinin waɗannan yara. Ku kai ƙudiri. A rubuta a doka cewa wanda ya shiga soja lafiya ya fita da farfaɗiya aiki ne ya jawo masa, sai in hukuma ta tabbatar da akasi. A tilasta rubuta sunan duk wanda bam ya tashi kusa da shi, ko ya zubar da jini ko bai zubar ba. A cire wa'adi a kan ciwon da ke zuwa a makare. A kafa wurin ɗaukaka ƙara wanda ba ya ƙarƙashin waɗanda suka yanke hukuncin farko, mai zama a jihohi, wanda kurtu zai shiga ba lauya ya fito da amsa a rubuce. Yaƙin nan ya haura shekara 15. Waɗanda nakiya ta jijjiga a 2014 da 2015 yanzu wasunsu ke fara faɗuwa, kuma waɗansu na tafe.

Kafin 'yan majalisar su motsa, ke uwargida da ke jinyar irin wannan bawan Allah, da kai ɗansa ko ƙaninsa, ku sayi littafi. Duk ranar da ya faɗi ku rubuta kwanan wata, da lokaci, da tsawon mintocin da ya yi, da wanda ya gani. In da hali a ɗauka da waya, a adana domin likita kaɗai. Ku kai shi asibiti a buɗe masa kati, ku gaya wa likita labarin bam ɗin ya rubuta. Ku nemi lambobin abokan aikinsa da suke tare ranar, tun suna raye. Kada ya sa hannu a kan wata takardar sallama ko ta kwamitin likitoci sai an ba shi kwafi. Kai kuma soja da ke cikin kaki yanzu, in ka suma a filin daga, ko na minti ɗaya ne, ka nace sai an rubuta a fayil ɗinka.